Kusheyi da Ganuwoyi a Tuddan Alli: Tafiyata Ƙasar Wiltshire

Ɗan ƙanwata da ke aikin jinya a Swindon ne ya matsa sai na je Ingila na ga jaririn da suka samu. Na amsa masa, amma da sharaɗi. Na daɗe ina koyar da tarihi a sakandare a Katsina, ina ba yara labarin mutanen da suka tara ƙasa da hannu suka binne matattunsu tun ba a san ƙarfe ba, alhali ni kaina a hoto kawai na san wuraren. Da na duba taswira na ga garin da yake zaune yana gindin tuddan alli na Wiltshire, inda irin waɗannan kusheyi suka yi yawa, sai na ce masa in zai kai ni can to ina tafe. Ya ce, "Kawu, ai wannan mai sauƙi ne, bas ɗaya za mu hau."

Hanyar Katsina zuwa Abuja ba sai na ba kowa labarinta ba, shingayen jami'an tsaro ne da ramuka da addu'a. Biza ta ci fiye da fam 100 ban da kuɗin kai-komo, tikitin jirgi kuwa yaron ne ya biya. Tun kafin in tashi ya gargaɗe ni kada in ɗauko kilishi ko man shanu, domin dokarsu ta hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashenmu. Kuka da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa na cika jaka da su. Bayan awa shida da wani abu a sama muka sauka Heathrow, inda layin masu fasfo irin nawa ya fi kowane tsawo. Jami'ar shige da fice ta tambaye ni wurin da zan sauka, wa zai ɗauki nauyina, ina tikitin komawa, me zan yi. Da na ce mata bayan ganin jika ina so in ga tsoffin kaburburan Avebury, sai fuskarta ta saki, ta ce an taɓa kai su can daga makaranta tana yarinya, kuma in nemi takalmin kirki. Daga baya na gane dalilin wannan shawara.

Daga tashar Paddington a Landan jirgin ƙasa awa ɗaya yake yi zuwa Swindon. Tikitin da aka saya mini tun da wuri ya kama wajen fam 30, wanda ya saya ranar tafiya kuwa yakan biya ninkin haka. Gidan yaron ɗaki biyu ne a bene, hayarsa na cinye kusan rabin albashinsa, hita kuma ba a kunna ta sai da lissafi. Watan Oktoba ne, sanyin nasu mai ɗanshi ne da ke shiga ƙashi. Amarya ta yi mini tuwon semo da miyar kukar da na kawo, naman halal kuma daga shagunan titin Manchester Road suke sayo shi.

Bas mai lamba 49 muka hau zuwa Avebury, fam 3 kowane mutum. Da ta bar gari ta haura tudun da ke bayan Wroughton, sai ƙasa ta canza. Tuddai ne masu santsin baya, babu tsauni mai tsini, babu itatuwa sai jefi-jefi, gajeriyar ciyawa ta lulluɓe su, tumaki a warwatse. Inda garma ta bi, ƙasar fari-fat take da ɗigon baƙaƙen duwatsun ƙyastu. Alli ne zalla a ƙarƙashin ɗan siririn turɓaya. Masana ƙasa sun ce da can wurin ƙasan teku ne, ɓawon wasu ƙananan halittu ya yi ta zuba yana taruwa fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce, har ya zama dutse mai laushi mai kaurin gaske. Duk abin da na gani a tafiyar nan, daga allin nan ya samo asali. Laushinsa ya kai ƙahon barewa ya fasa shi, amma in an tara shi ba ya saurin zubewa. Ruwan sama nutsewa yake yi cikinsa, shi ya sa babu rafi a kan tudu sai a gindi, wasu rafukan ma sai lokacin sanyi suke gudana. Kuma ba ya cin ƙashi yadda ƙasa mai tsami ke yi, don haka gawar da aka binne shekara 5,000 baya ake tarar da ƙasusuwanta har da haƙora.

Na zaci bas za ta ajiye mu a bakin wurin mu sayi tikiti. Cikinsa ta shiga da mu. Titin mota ya ratsa ta wata tsohuwar ƙofa a jikin wani ƙaton tudun ƙasa da ya kewaye wurin, muka sauka a tsakiya kusa da wata mashaya mai jinkar ciyawa. Wani sashe na ƙauyen Avebury, da gidaje da shaguna, a cikin kewayen yake zaune. Ba a biyan ko sisi, ba shinge sai na tumaki, mutum na iya dafa duwatsun da hannunsa.

An yi aikin ne tsakanin shekara ta 2850 da 2200 kafin Miladiyya. Tudun ya zagaye fili fiye da hekta 11, kewayensa ya haura kilomita guda. A gefen filin an kafa duwatsu kusan 100 a da'ira, wasu sun haura tan 40, kuma ita ce da'irar duwatsu mafi girma a duniya. Amma ni duwatsun ba su kama ni kamar ramin ba. Yau ma da ya cike fiye da rabi, in ka tsaya a bakinsa ka leƙa sai ka ja baya. Wani mai tonon tarihi, Harold St George Gray, ya haƙa shi tsakanin 1908 da 1922 har ya taɓo gindi, ya tarar zurfinsa na asali ya kai mita 9. A can ƙasa ya sami kayan aikin da suka yar, ƙahonin barewa da suka yi diga da su. Allon kafaɗar sa shi ne shebur ɗin zamanin, kwando kuma shi ne abin ɗauka. Babu ƙarfe, babu amalanke. Na hau kan tudun na yi ta ƙiyasta yawan kwandunan alli da aka ɗora a ka aka haura da su, da yawan bakin da aka ciyar suna wannan aiki, da irin shugaban da maganarsa ta isa ta tara su. A lokacin kuma ciyawa ba ta rufe shi ba, fari ne tas, mai zuwa daga nesa zai hango shi yana ƙyalli.

Ni da na tashi a garin ganuwa, abin da ya ɗaure mini kai shi ne ramin yana ciki, tudun yana waje. Mai gina ganuwar yaƙi a waje yake haƙa rami, don maharin ya sha wuya kafin ya iso bango. Na tambayi wata dattijuwa mai aikin sa-kai da ke zagayawa da baƙi. Ta ce wannan shi ne babban dalilin da ya sa masana suka yarda wurin taro ne da bukukuwa da bauta, ba mafakar yaƙi ba. Ita ce kuma ta nuna mini 'yan ginshiƙan siminti da ke tsaye a gurbin duwatsun da suka ɓata, ta ba ni labarin ɓatansu.

Mutanen ƙauyen ne da kansu suka yi ɓarnar. A ƙarni na 14 sun riƙa haƙa rami suna tura duwatsun ciki suna binnewa. A 1938 aka ɗaga wani dutse aka tarar da ƙasusuwan mutum a ƙarƙashinsa, tare da almakashi da tsabar kuɗi na farkon wancan ƙarni, shi ya sa ake ce masa wanzami. Wajen ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18 kuma aka koma fasa su don gini. Sai a hura wutar kara a ƙarƙashin dutse har ya yi zafi, a watsa masa ruwan sanyi, a bi da guduma. Wani masanin kayan tarihi, William Stukeley, ya ga ana yin haka da idonsa a shekarun 1720, ya zana abin da ya rage, kuma da zanensa ake gane yadda wurin yake a da. In ka duba bangon tsoffin gidajen ƙauyen za ka ga gutsattsarin duwatsun. Ceto ya zo a makare. Sir John Lubbock ya sayi wani sashe na filin a 1871 don kada a yi gidaje a kai, shi ne kuma ya yi ta fafutika a majalisa har aka yi dokar kare tsoffin wurare ta 1882. Sai Alexander Keiller, wanda ya gaji dukiyar kamfanin jam ɗin lemo na Dundee, ya zuba kuɗinsa a shekarun 1930 ya tono duwatsun da aka binne ya sake tsayar da su. A 1943 wurin ya koma hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi a ƙasar, a 1986 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da Stonehenge, wata shahararriyar da'irar duwatsu da ke kudancin Wiltshire.

A ɗan gidan tarihin da ke ɗauke da sunan Keiller akwai ƙasusuwan wani ƙaramin yaro a cikin gilashi, kwance a takure yadda aka same shi a tudun Windmill Hill. Wasu masu bin tsohon addinin gargajiyarsu sun nemi a mayar da shi ƙasa, hukumomi suka ji ra'ayin jama'a, a 2010 suka yanke shawarar barin sa a nan. Na fahimci hujjarsu ta ilimi, amma raina bai kwanta ba. Wata uwa ce ta haife shi, wasu hannaye suka kwantar da shi. In an gama aune-aune da ɗaukar hoto, ni a ganina sutura ta fi masa.

Muka ci burodi da dafaffen ƙwai da shayin da muka zo da shi a fulas, domin kofin shayi ɗaya a wurin ya haura fam 3. Na yi sallar ƙasaru a kan ciyawa, waya ta nuna mana alƙibla, ba wanda ya ko kalle mu. Daga nan muka kama hanyar ƙafa zuwa kudu ta bakin rafin Kennet. Wani abin da ya burge ni shi ne hanyar ta ratsa gonakin mutane da makiyayarsu, kuma doka ta ba kowa ikon bi. Mai gona ba shi da ikon toshe ta, kai kuma ba ka da ikon kauce mata, in ka buɗe ƙyaure ka rufe. Ruwa ya sauko muna tsakiyar hanya. Jiƙaƙƙen alli masifa ne, santsi gare shi, ga danƙo, kowane taku sai takalmi ya ƙara nauyi. Yaron ya riƙe ni a kafaɗa yana cewa, "Kawu, a hankali, taka kan ciyawa, kada ka taka farin."

Muna cikin wannan fama Silbury Hill ya bayyana. Tudu ne mai siffar mazubi a kife, tsayinsa ya haura mita 30, gindinsa ya ci wajen hekta 2, kuma mutane ne suka tara shi wajen shekara ta 2400 kafin Miladiyya, kusan zamanin dalar Masar. Babu tudun hannu na zamanin da da ya kai shi a duk Turai. Mutanen yankin sun daɗe suna cewa wani sarki Sil ne aka binne ciki a kan dokin zinariya, kwaɗayin wannan ya sa aka yi ta huda shi. A 1776 wani basarake, Duke na Northumberland, ya kawo mahaƙan ma'adinai daga Cornwall suka haƙa rijiya daga sama har ƙasa. A 1849 aka shiga ta gefe. Tsakanin 1968 da 1970 aka sake shiga, BBC na nunawa a talabijin. Ba kabari, ba zinariya, sai alli da laka da ciyawar da aka jera hawa-hawa. Ramukan da ba a cike su da kyau ba suka yi ta ci ta ciki, har a 2000 saman tudun ya rufta, sai a 2007 aka shiga babban gyara aka ɗura masa alli. Yanzu an hana hawa. Abin da ya yi shekara fiye da 4,000 a tsaye, neman dukiya da neman sani suka kusa kayar da shi cikin ƙarni biyu da 'yan kai.

Muka tsallaka babban titin A4 muka haura wata gona zuwa dogon kabarin West Kennet. Daga nesa kamar wata doguwar kunya ce a bayan tudu, tsawonta wajen mita 100. A bakin gabas akwai manyan duwatsu a tsaye, ta bayansu ake shiga. Ciki akwai ɗakuna 5 na dutse, biyu dama, biyu hagu, ɗaya a ƙurya, mutum na tafiya a tsaye. An gina shi wajen shekara ta 3650 kafin Miladiyya, wato ya girmi babbar dalar Giza da shekara 1,000 da ɗoriya. Stuart Piggott da Richard Atkinson da suka tona shi a 1955 da 1956 sun sami ƙasusuwan mutane fiye da 30, maza da mata da yara da jarirai. Ba kowa ke kwance shi kaɗai ba, an tattara ƙasusuwa an jera, wasu ƙoƙunan kai da dogayen ƙasusuwa babu su, alamar ana shiga ana ɗauka ana fita da su. Wani namiji an same shi da tsinin kibiya na dutse a wajen maƙogwaro. Binnewar ba ta daɗe ana yi ba, amma an fi shekara 1,000 ana dawowa ana zuba ƙasa da fasassun tukwane, kafin a toshe ƙofar da manyan duwatsun nan. A ƙarni na 17 ma wani likita daga Marlborough, Dakta Toope, ya riƙa kwasar ƙasusuwan yankin yana haɗa magani da su.

Yanzu babu gawa a ciki, amma ban iya shiga da hayaniya ba. Manoma ne da makiyaya, masu alkama da sha'ir da shanu, suka yi wa matattunsu ɗakin dutse alhali gidajen da su kansu suka kwana ciki ko alamarsu da ƙyar ake samu. Muna ciki wasu mutum uku suka shigo da ganga da furanni. Matar da ke cikinsu ta gaishe mu da fara'a, ta ce sukan zo gaida kakanni ne. A bangon ƙurya na ga baƙin hayaƙi da daskararren kakin kyandir da irinsu suka bari, ga allo a waje yana roƙon kada a kunna wuta don zafi na fasa dutsen. Ban ce mata komai kan aƙidarta ba, amma na nuna mata baƙin, ta ce su ba sa kunnawa.

Windmill Hill, a wani zuwan, ya kusa ba ni kunyar ido, don da muka hau ban ga komai ba sai ciyawa da 'yan kusheyi masu zagaye. Wani tsoho mai yawo da kare ne ya ce mu jira rana ta karkata. Da inuwa ta kwanta sai ga layukan ramuka sun fito, zobe uku, ɗaya cikin ɗaya, kowanne a yanke-yanke da mashigai da yawa. Wannan ya girmi da'irar Avebury da kusan shekara 1,000, an haƙa shi wajen 3700 kafin Miladiyya. Keiller ya saye shi a 1924 da ya ji kamfanin Marconi na shirin kafa tashar rediyo a kai. Cikin ramukan an sami tulin ƙasusuwan shanu na manyan walima, da tukwanen da yumɓunsu daga Cornwall yake, fiye da kilomita 250 daga nan, da gatura na dutse daga arewacin Ingila da Wales. Wurin haɗuwa ne na shekara-shekara, a yanka, a yi musaya, a binne wanda ya mutu, a watse.

Tafiyar da ta fi ba ni wuya ita ce ta Ridgeway, tsohuwar hanyar da ke bin ƙololuwar tuddan. Hanyar da aka tsara wa matafiya a yau ta faro daga Overton Hill ta yi kilomita 139 zuwa Ivinghoe Beacon, mu dai wajen kilomita 10 muka ɗiba zuwa Barbury Castle. Tun daga farkonta kusheyi masu zagaye ke jere a bakin hanya, wasu an dasa musu dogayen itatuwa a ka, ana hango su daga nesa. Waɗannan na zamanin tagulla ne, wajen shekara 4,000 baya, kuma al'adar ta sha bamban da ta West Kennet. Can jama'a aka tara wuri ɗaya, nan kuwa mutum guda ake fara binnewa da tukunyarsa da wuƙarsa, a tara masa tudu nasa, daga baya a raɓa wasu a gefe. Iska a saman nan ba ta da abin da zai tare ta. Kunnuwana suka mutu, gwiwata ta dama ta fara ciwo, ga kwaruruwan da tayoyin motoci suka bari cike da farin ruwa. Ba shago, ba famfo. Wani manomi da muka tarar yana gyaran shinge ya tsaya muka yi hira. Ya nuna mini wata gonar alkama ya ce akwai kusheyi a ciki da garma ta shafe, musamman daga lokacin yaƙin duniya na biyu da aka nome makiyaya don neman abinci. In aka yi fari, kamar na 2018, sai zoben ramukansu su fito a jikin shuka, domin ƙasar da ta cike ramin ta fi riƙe laima, daga sama ake ɗaukar hotonsu. Waɗanda suka tsira kuwa tumaki ne ke tsaronsu, suna cinye ciyawa da tsiron ƙaya kafin saiwa ta farfasa su.

A Barbury na ga ganuwa irin wadda na sani. Tudu biyu ne da rami biyu, ramukan a waje, ƙofofi gabas da yamma, an yi ta a zamanin baƙin ƙarfe, wajen shekara 2,500 da suka wuce. Daga kanta ana hango Swindon gaba ɗaya. Abokin yaron ne ya zo da mota ya kwashe mu, don ƙafata ta ƙi.

Da na huta muka sake hawa bas 49 har Devizes, inda gidan tarihin Wiltshire yake. A nan kayan kabarin Bush Barrow suke, wanda William Cunnington ya tona a 1808 kudu da Stonehenge. Wani babban mutum ne aka binne wajen 1900 kafin Miladiyya, da faifan zinariya mai kusurwa huɗu a ƙirjinsa, da sandar mulki, da wuƙaƙe. An ƙawata ƙotar ɗaya da dubban ƙusoshin zinariya masu sirantaka kamar gashi, sai da gilashin ƙara girma na iya ganinsu.

Ina tsaye gaban wannan gilashi zuciyata ta koma Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani. Mu ma muna da kusheyin tudu na sarakunan farko na Katsina. Razdan Palmer ya tona wasu a 1907, zamanin Sarki Dikko, a 1992 kuma aka sake tona wasu tare da masana daga Jamus, aka kai kayan birnin Mainz aka gyara. An sami zinariya, da awarwaron hauren giwa, da wuri, da duwatsun ado, da tasar tagulla da ta fito daga ƙasashen gabas. Shekarunsu ɗaruruwa ne, ba dubbai ba, kuma mun san zuriyar da suka fito, sarautar Durɓi tana nan har yau. Amma a ajin da na koyar, yara nawa ne aka taɓa kai su? Ganuwar Katsina da na sani ina yaro, tsakanin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar Guga, mu da kanmu muka ɗebe ƙasarta muka yi tubali, muka yanka filaye a kanta, har ƙofofin suka rage su kaɗai. Nakan ji ana cewa ai kayan jahiliyya ne, ba ruwan Musulmi da su. To Turawan nan su ma ba addininsu ɗaya da masu kusheyin ba, kuma jini ma bai haɗa su sosai ba. Wani babban binciken ƙwayoyin halitta da aka buga a 2018 ya nuna cewa bayan shekara ta 2450 kafin Miladiyya wasu baƙi sun ƙetaro daga nahiyar Turai, cikin 'yan ƙarnoni suka maye kusan kashi 90 cikin 100 na jinin mutanen tsibirin. Wato waɗanda suka gina West Kennet ba su ne mafi yawan kakannin Turawan Ingila na yau ba. Sun yi ɓarna irin tamu, ta wuta da guduma da garma, amma sun tsaya, suka yi doka, suka sa kuɗi. Alƙur'ani kuwa ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance, kuma ba a duba abin da aka riga aka baje.

Stonehenge mun je, tikiti ya haura fam 20, ga igiya, ga cunkoso, na gani na gode Allah, amma Avebury ta fi kwanta mini.

Ziyarar ƙarshe ita ce Uffington, gabas da Swindon, a cikin Oxfordshire. Mun fara da Wayland's Smithy, wani dogon kabari cikin kurmin itatuwa, tsaran West Kennet. Mutanen baya da suka manta asalinsa sun ce maƙerin ɓoye ne ke zaune ciki, in ka ɗaure dokinka ka ajiye kuɗi ka tafi, za ka dawo ka tarar an sa masa takalmin ƙarfe. Daga nan muka bi Ridgeway zuwa farin dokin da aka zana a jikin tudu, a gefen wata ganuwar zamanin baƙin ƙarfe. Tsawonsa mita 110. An haƙa kwaruruwa ne masu zurfin kusan mita guda aka cika su da dakakken alli. Binciken da masanan Oxford suka yi a shekarun 1990 ya nuna an yi shi tsakanin 1380 da 550 kafin Miladiyya. In aka ƙyale shi, ciyawa za ta rufe shi cikin 'yan shekaru. Ke nan tun daga wancan lokaci ba a taɓa daɗewa ba a gyara shi ba, duk da Rumawa sun zo sun tafi, harshe ya canza, addini ya canza. A da duk bayan shekara bakwai ƙauyukan kewaye ke yi masa gayya da biki da kokawa. Lokacin yaƙin duniya na biyu an lulluɓe shi don kada matuƙan jiragen Jamus su yi alama da shi, bayan yaƙi aka buɗe. Yanzu National Trust ke kiran gayyar, mutane su zo a ba kowa guduma da bokitin alli, su durƙusa su yi ta daka. Ma'aikacin da muka tarar ya ce kowa na iya sa sunansa, ba a tambayar daga ina mutum ya fito. Yaron ya karɓi bayanin yadda ake rajista, ya ce, "Kawu, in Allah ya kai mu baɗi zan zo, in turo maka hoto."

Dawowa ba ta da labari, sai dai a Heathrow jakata ta yi nauyi da littattafai da taswirori, muka buɗe ta a gaban ma'auni muka rage wasu aka bar wa yaron ya aiko daga baya. Na kwana Abuja, washegari na kama motar Katsina. Makon da ya biyo baya na je wajen shugaban tsohuwar makarantata da maganar hayar bas zuwa Mani don 'yan aji uku, ya ce in rubuto kasafin kuɗin mai da na abinci a kai wa ƙungiyar iyaye da malamai a zamansu na gaba.